Yadda Ake Tsara Aikin Fasaha a Jami'a Don Yaƙar Ƙiyayyar da Ake Nuna wa Mutanen Asiya da Yahudawa

Zangon karatu na farko da aka ce in saka wannan batu a manhajata, lacca guda na yi. Na haska alƙaluma a allo, na ba da labarin mutum 11 da aka harbe a majami'ar Yahudawa ta Pittsburgh a watan Oktoban 2018, da mutum 8 da aka kashe a Atlanta a watan Maris na 2021, shida daga cikinsu mata 'yan asalin Asiya. Ɗalibai suka yi tsit. Lokaci ya cika, kowa ya rataya jakarsa ya fita. Bayan mako guda babu wanda ya sake ɗago zancen, kuma babu abin da ya fita daga ɗakin nan ya isa ga kowa.

Daga nan na sauya hanya. Yanzu kwas ɗin na mako 15 gaba ɗayansa a kan aiki guda yake tafiya: kowane rukunin ɗalibai zai ɗauki amanar labarin mutane na gaskiya, ya bincika shi, ya mayar da shi abin da jama'a za su gani ko su saurara, sannan masu labarin su zo su zauna a sahun gaba ranar da za a nuna. Jagoran nan na 'yan'uwa ne da ke koyarwa a kwalejoji da jami'o'in Amurka, da masu digiri na biyu ko na uku da aka damƙa musu aji a fannin tarihi, aikin jarida, sadarwa, zane ko wasan kwaikwayo. Wanda ke Kanada ko Ingila sai ya ɗauki tsarin ya canja misalai.

Mataki na 1: Ka fara da kanka

Mu da muka taso a gida mun zo da namu kayan a ka. A bakinmu "Bayahude" kalmar zagi ce, ana jifan maƙetaci da ita ko da mai jifan bai taɓa ganin Bayahude da idonsa ba. Kaya in jabu ne mu ce ɗan China ne. Ga kuma Falasɗinu, wadda ciwonta ke cikin zuciyar kusan kowannenmu, kuma tun bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin Gaza da ya biyo baya harabar jami'o'in Amurka ta ɗauki zafi. In ba ka zauna ka warware wannan da kanka ba, ɗalibai za su karanta a fuskarka tun makon farko.

Ga yadda ni na warware. Gwamnati daban, mutum daban. Ina sukar gwamnatin Isra'ila a kan Gaza, ina sukar gwamnatin Sin a kan Musulmin Uighur, ba na ɓoyewa. Amma yarinyar nan 'yar shekara 19 da ke zaune a layi na uku da tauraron Dauda a wuyanta ba ita ta ba da umarnin jefa bam ba, yaron da kakanninsa suka zo daga Guangdong tun shekara ɗari da suka wuce kuwa ba shi da hannu a abin da Beijing ke yi. Ayar da ta ce babu ran da zai ɗauki nauyin laifin wani rai ta zo a wurare da dama cikin Alƙur'ani. Mun kuma san ɗacin kuɗin goro: duk wanda ya taɓa miƙa koren fasfo a filin jirgi, aka ga sunansa Muhammad daga arewacin Najeriya, ya san irin kallon da ake masa saboda Boko Haram.

Kafin zango ya fara ka karanta takardu biyu da ake ta ja-in-ja a kansu. Ta farko ma'anar ƙin jinin Yahudawa ce da IHRA, ƙawancen ƙasashe masu raya tunawa da kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa, ya amince da ita a 2016, mai misalai 11, bakwai daga ciki sun shafi Isra'ila. Ta biyu Sanarwar Kudus ce ta 2021, wadda masana kusan 200 suka sa wa hannu don suna ganin ta farkon tana iya toshe bakin masu sukar Isra'ila. Sun saɓa a wurare, amma dukkansu sun yarda cewa ɗora wa kowane Bayahude alhakin abin da ƙasar Isra'ila ta yi ƙiyayya ce. A kan wannan gaɓar da suka haɗu nake tsayar da ajina, sauran saɓanin kuma na bar wa ɗalibai su kwatanta da kansu.

Mataki na 2: Ƙa'idojin aji, tun ranar farko

Wannan ba ya buƙatar dogon zance, amma a rubuta shi a manhaja. Babu wanda za a ce ya yi magana da yawun al'ummarsa. Babu wanda za a tilasta wa faɗin addininsa ko asalinsa. Ba a naɗar maganar aji a kai waje. Ba a gasar wahala, wato a ce wa ya fi wa shan wuya. Ka kuma rubuta musu ofishin da ake kai ƙara in an ci zarafin ɗalibi, domin sashe na shida na Dokar Haƙƙin Jama'a ta 1964 ya hana makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna wariya saboda launi ko asali, kuma ma'aikatar ilimi na fassara shi har ya haɗa da Yahudawa, Musulmi da mabiya addinin Sikh.

Mataki na 3: Makonni uku na tarihi

A nan nake daɗewa, don aikin fasaha da ba shi da tarihi a ƙarƙashinsa ado ne kawai. Tambayar da ɗalibai ke fara yi ita ce me ya haɗa Sinawa da Japanawa da Yahudawa a kwas guda. Sai in miƙa musu dokar shige da fice ta 1924. Da takarda ɗaya majalisar Amurka ta taƙaita shigowar mutanen gabashi da kudancin Turai, inda mafi yawan Yahudawa ke fitowa a lokacin, ta kuma rufe ƙofa ga Japanawa, bayan tun a 1882 an riga an hana ma'aikata Sinawa shigowa. Sai a 1965 aka rushe wannan tsari na kaso. Masu rubuta dokar su ne suka haɗa al'ummomin biyu a kwando ɗaya, tun kafin mu zo.

Daga nan kowane mako na ɗauki ƙarya guda, in nuna yadda take canja riga tana dawowa.

Makon farko, ƙaryar "su ne suka kawo cuta". Lokacin annobar da ta cinye Turai daga 1348, an yi wa Yahudawa sharrin zuba guba a rijiyoyi. A birnin Strasbourg, a watan Fabrairun 1349, an ƙone ɗaruruwansu, alhali Fafaroma Clement na shida da kansa ya fitar da takarda yana cewa su ma annobar tana kashe su kamar kowa. A watan Maris na 1900, da aka samu mai cutar annoba a San Francisco, hukuma ta zagaye unguwar Sinawa da igiya, ta bar fararen fata suka fita. A 2020 aka dawo da kalmar "cutar China", kuma cibiyar Stop AAPI Hate mai tattara rahoton cin zarafin 'yan asalin Asiya, wadda aka kafa a watan Maris na shekarar da haɗin gwiwar sashen nazarin Amurkawa 'yan asalin Asiya na Jami'ar San Francisco State, ta karɓi rahotanni kusan 11,500 cikin shekara biyu, kusan biyu bisa uku na tsangwama ce irin su zagi da habaici. Ka tuna wa ɗalibai cewa mutane ne suka kai rahoton da kansu, don su koyi faɗin inda alƙaluma suka fito. Nakan ƙara da abin da ya faru a Guangzhou a watan Afrilun 2020, inda aka kori 'yan Afirka, har da 'yan Najeriya, daga gidajen haya da otel bisa zargin su ke yaɗa korona. Ba don rama gayya nake kawo shi ba. So nake su ga cewa wannan ƙarya ba ta da ƙabila, duk inda tsoro ya sauka baƙo take nema.

Mako na biyu, ƙaryar "ba namu ba ne, amanarsu tana wata ƙasa". A Faransa an ɗaure hafsan soja Alfred Dreyfus, Bayahude, a 1894 bisa ƙagen leƙen asiri, ba a wanke shi ba sai 1906. A Amurka, ranar 19 ga Fabrairun 1942, ana cikin yaƙin duniya na biyu da Japan, shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, aka kwashe mutum kimanin 120,000 'yan asalin Japan zuwa sansanoni irin su Manzanar da Heart Mountain, kusan biyu bisa uku haifaffun Amurka ne. Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta biya duk wanda ya rage a raye dala 20,000. A wannan makon nake kawo Balbir Singh Sodhi, mabiyin addinin Sikh da aka harbe a gidan mansa a Arizona kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumban 2001, saboda rawaninsa da gemunsa. Ɗalibai Musulmi kan ɗago kai a nan, don sun gane wa aka yi niyyar harbi.

Mako na uku, ƙaryar "sun fi ƙarfinmu, sun mamaye komai". A 1922 shugaban Jami'ar Harvard, Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawan Yahudawan da za a riƙa ɗauka. A watan Yunin 1982, a yankin Detroit, wasu mutum biyu daga cikin masu cin abinci a masana'antar mota suka kashe Vincent Chin, ɗan shekara 27, da sandar wasan besbol ana saura kwanaki bikinsa, a lokacin da ake ganin motocin Japan ne suka karya kasuwar garin. Shi kuwa ɗan asalin Sin ne. Hukuncinsu tarar dala 3,000 kowanne da sa ido na shekara uku, ba a kai su gidan yari ba. Jingar da na fi so a wannan makon ita ce ta ƙagaggen littafin nan na Protocols, wanda aka fara bugawa a Rasha a 1903 da sunan wai asirin dattawan Yahudawa ne na mallake duniya. A 1921 jaridar The Times ta Landan ta nuna cewa an kwafo shi ne daga wani littafin habaicin siyasa da Maurice Joly ya rubuta da Faransanci a 1864 a kan Napoleon na uku, wanda babu ruwansa da Yahudawa. Ka ba ɗalibai shafi daga wannan da shafi daga wancan, su ja layi a ƙarƙashin jimlolin da suka yi daidai. Gani ya kori ji. Wanda ya ja layin nan da hannunsa, in an turo masa guntun littafin a WhatsApp, kamar yadda har yau ake turo mana, ba zai tura wa na gaba ba.

Kada ka rufe makonnin nan ba ka karya kuɗin goro ba. "Ɗan Asiya" a Amurka ya haɗa asali daga ƙasashe fiye da 20: Basine, Ba'indiye, ɗan Filifin, ɗan Biyetnam, ɗan Koriya, ɗan Bangladesh, ga likita ga ɗan gudun hijira. Yahudawa ma akwai na gabashin Turai, akwai zuriyar waɗanda aka kora daga Sifaniya a 1492, akwai na Yaman da Iraƙi da Maroko da Habasha, akwai mai tsananin riƙo da addini akwai wanda bai damu ba, akwai mai goyon bayan Isra'ila akwai mai fita zanga-zangar Falasɗinu.

Mataki na 4: Ka kai su ga muryoyin masu abin

Mako na biyar da na shida na rumbun shaida ne. Cibiyar Densho ta Seattle, wadda aka kafa a 1996, tana da hirarrakin bidiyo na Japanawan da suka zauna a sansanoni, kyauta a intanet. Gidauniyar Shoah da ke Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda aka kafa a 1994, tana da shaidu fiye da 50,000, galibi na waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan 6, har da na Ruwanda da na Nanjing. Laburaren majalisar dokokin Amurka ya saka tsofaffin jaridu a intanet. Ga kuma tashar Angel Island a gaɓar San Francisco, inda aka riƙa tsare baƙi daga 1910 zuwa 1940, Sinawa da yawa suka sassaƙa waƙoƙi a jikin katakon bango, aka shafe su da fenti, har sai da wani ma'aikacin wurin ya lura da su a 1970.

Jingar mai sauƙi ce: kowane ɗalibi ya zaɓi mutum ɗaya, ya saurari shaidarsa daga farko har ƙarshe, ko da awa biyu ce, ba tsallake. Ya rubuta shafi biyu a kan rayuwar mutumin kafin bala'i ya zo: sana'ar mahaifinsa, abincin gidansu, wasan da yake so yana yaro. Da gangan nake hana su fara da ranar kamu. In ɗalibi ya san mutum da shagon gyaran takalmin babansa, ba zai iya mayar da shi lamba ba.

A nan kuma nake nuna musu inda hanyoyin biyu suka haɗu da alheri. Chiune Sugihara, jami'in diflomasiyyar Japan a Kaunas ta Lituweniya, ya rubuta biza fiye da 2,000 a bazarar 1940 ga masu gudun 'yan Nazi. Ho Feng-Shan, ƙaramin jakadan Sin a Vienna, ya yi irin haka, kuma Yahudawa kusan 20,000 sun sami mafaka a Shanghai. A 1945 wata bataliyar sojojin Amurka 'yan asalin Japan, mai lamba 522, ta ci karo da fursunonin da aka koro daga sansanonin Dachau a kudancin Jamus ta ceto su, a lokacin da iyayen wasu daga cikin sojojin ke tsare a bayan waya a Amurka. A Albaniya, inda Musulmi suka fi yawa, iyalai sun ɓoye Yahudawa bisa al'adarsu ta riƙon alkawari, har aka gama yaƙin duniya na biyu ƙasar tana da Yahudawa fiye da yadda take da su kafin a fara. Bayan harin Pittsburgh ma ƙungiyoyin Musulmin Amurka sun tara fiye da dala 200,000 don iyalan mamatan.

Mataki na 5: Nemo abokan aiki a cikin gari

Wannan aikinka ne, Malam ko Malama, kuma ana fara shi wata biyu kafin zango. Ka je da ƙafarka majami'ar Yahudawa ta garin, cibiyar al'ummar Sinawa ko Koriyawa, wurin ibadar Sikh, da ƙungiyoyin ɗalibai na harabar. Ka je da ladabin da za ka je wa mai unguwa: gaisuwa tukuna, sannan buƙata. Ka tambaye su me suke so jama'ar gari su sani, maimakon ka je da jerin abin da kai kake so. Kada ka sa taro daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar in akwai Yahudawa masu kiyaye ranar hutu, ka duba kalanda don manyan bukukuwansu na Satumba da Oktoba, da sabuwar shekarar wata ta Sinawa da Koriyawa da 'yan Biyetnam a Janairu ko Fabrairu. In sashenku na da ɗan kuɗi, a ba duk wanda ya zo magana tukuici. Tuno baƙin ciki a gaban baƙi aiki ne mai nauyi.

Kafin a kunna na'urar naɗar murya, a tuntuɓi kwamitin ɗa'ar bincike na makaranta, a kuma shirya takardar amincewa mai shafi ɗaya: inda za a nuna aikin, ko mutum na son a sakaya sunansa, da cewa yana iya janyewa har zuwa mako guda kafin baje koli. Ba a tambayar kowa takardun zamansa a ƙasa.

Wajen haɗa rukuni kuwa, masanin halayyar ɗan'adam Gordon Allport ya nuna tun 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyama ne in an cika sharuɗɗa: matsayi ɗaya, buri ɗaya, aiki tare, da goyon bayan masu iko da wurin. Don haka kai za ka haɗa rukunin, mutum huɗu huɗu, kada ka bari abokai su zaɓi juna. Kada kuma ka raba ɗalibai 'yan Asiya ko Yahudawa ɗaya ɗaya a kowane rukuni kamar gishiri a miya. In ka yi haka ka mayar da su masu amsa tambaya ga sauran.

Mataki na 6: Zaɓen siffar aiki

A mako na bakwai kowane rukuni ya kawo shawara ta shafi ɗaya: labarin wa, don wa, a wace siffa, a ina za a nuna. "Don kowa da kowa" ba amsa ba ce. A ce don direbobin bas ɗin makaranta, ko don sababbin ɗalibai, ko don masu zuwa laburaren gari.

Siffofin da na ga sun fi tasiri su ne waɗanda suka tsaya a kan ƙaramin abu. Shirin sauraro na minti 12 a kan mutum ɗaya. Taswirar gari da ke nuna inda shagon wankin Sinawa na farko yake, da unguwar da takardun filayenta suka taɓa hana sayar wa Bayahude ko ɗan Asiya gida, wanda ake samu a ofishin rajistar filaye. Wannan ya yi kama da aikin Gunter Demnig na Jamus, wanda tun shekarun 1990 yake dasa ƙananan allunan tagulla a bakin ƙofar gidajen da 'yan Nazi suka kwashi mutane, kowanne da suna da shekarar haihuwa, har sun haura 100,000 a Turai. Akwai labarin zane mai shafi takwas, akwai jaridar bango da aka haɗa daga abin da jaridun garin suka rubuta a 1942. Akwai gajeren wasan kwaikwayo a kan abin da mai kallo zai yi in ana cin zarafin wani a bas, bisa hanyoyi biyar da ƙungiyar Right To Be ke koyarwa: ka karkatar da hankali da wata tambaya, ka kira mai iko da wurin, ka ɗauki shaida, ka koma wurin wanda aka ci wa zarafi daga baya ka duba shi, ko ka tunkari mai yi kai tsaye in babu haɗari.

Aikin da har yanzu nake tunawa hoto ne guda. Yahudawa kan kafa wani ɗan ƙaramin kwanso a gefen dama na ƙofa, mai ɗauke da ayoyin Attaura a naɗe, kamar yadda wasunmu ke liƙa aya a saman ƙofa. Wata ɗaliba ta cire nata daga ƙofar ɗakin kwananta don tsoro. Da izininta, rukunin suka ɗauki hoton katakon ƙofar kusa da kusa: ramukan ƙusa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa a karkace, da ɗan wurin da fenti bai dushe ba. A gefensa suka ajiye hoton wata usur da ɗan ƙaramin gwangwanin barkonon fesawa da wata dattijuwa 'yar Koriya ta fara sawa a jakar cefanenta tun 2021. Babu jini, babu tuta, bayanin ƙarƙashinsu bai wuce layi uku ba. Mutane sun fi tsayawa a gabansa fiye da komai a zauren.

Mataki na 7: Abubuwan da ba a yi

Na koyi wannan da kuskurena. Wata shekara na bar wani rukuni ya yi fosta: sun ɗauko tsohon zanen ɓatanci na 'yan Nazi da wani na ƙarni na 19 da ke siffanta Sinawa, suka faɗaɗa su, suka ja musu jan giciye, suka rubuta bayani ƙanana a ƙasa. Aka liƙa a hanyar wucewa. Mai wucewa da sauri ba ya karanta ƙananan rubutu, zanen kawai yake gani. Wani ya ɗauki hoto, ya yanke bayanin, ya yaɗa. Washegari wani ɗalibina ya zo ofis, ya daɗe a tsaye kafin ya ce kullum ta nan yake bi zuwa aji. Laifina ne, ni na amince da aikin. Na cire fostar da hannuna, na ba shi haƙuri, na kuma ba ajin haƙuri.

Tun daga ranar na kafa doka: ba a faɗaɗa ƙarya. In dole a nuna kayan farfaganda, a aji za a nuna, ƙarami, da bayani kafin a buɗe. A aikin da zai fita waje gaskiya ce za ta zo a farko da babban rubutu, a ambaci dabarar da maƙaryaci ke amfani da ita, a sake komawa kan gaskiya. Masu bincike a Jami'ar Cambridge sun nuna cewa fallasa dabarar yaudara tun kafin mutum ya gamu da ita na rage kamuwa, wato dai rigakafi.

Gidan tarihin Holokost (wato kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa) na Washington, wanda aka buɗe a 1993, yana gargaɗin malamai su guji wasan "mu kwatanta muna sansani". Ba a raba aji a ce waɗannan masu gadi waɗannan fursunoni, ba a liƙa wa kowa rawayen tauraron da 'yan Nazi suka tilasta wa Yahudawa sawa, ba a kwaikwayon harshen wani ko jan ido don dariya ko don darasi. Hotunan gawarwaki ma a yi taka-tsantsan da su, mutanen nan 'ya'yan wasu ne kuma ba su ba da izini ba. Ba a sa kwamfuta ta ƙirƙiro fuska ko muryar wanda ya tsira. Kuma in muhawarar Gaza ta taso, wadda tabbas za ta taso, kada ka danne ta kada ka bar ta ta cinye aji. Ka ware mata zama guda da ƙa'idojin ranar farko, ka tabbata ɗalibi Bafalasɗine ko Musulmi ya fita yana jin an saurare shi kamar yadda aka saurari Bayahude.

Mataki na 8: Gwaji da maki

A mako na 11 kowane rukuni ya kai ɗanyen aikinsa ga masu labarin su fara gani, kafin ni ma. In sun ce a cire abu, a cire. A mako na 12 a gwada shi a kan mutum biyar da ba su san komai game da kwas ɗin ba: a ba su daƙiƙa 30, a rufe, a tambaye su me suka gani. In abin da suka riƙe shi ne ɓatancin, aikin ya koma tebur.

Ni ina raba maki ɗari haka: 35 ga ingancin bincike, kowace magana da madogararta, 25 ga kyawun aikin da isar saƙo, 20 ga yadda aka riƙe amanar masu labari, 20 ga littafin da kowane ɗalibi ke rubuta abin da ya yi da abin da ya dame shi mako mako. Ba na ba da maki a kan ra'ayin siyasa, kuma ina faɗa musu haka tun farko. Ɗalibin da ya san ba za a hukunta shi don ra'ayinsa ba shi ne ke iya rubuta a littafinsa cewa a gidansu ya taso yana jin wata magana, yanzu ya fara shakkarta.

Mataki na 9: Ranar baje koli da bayanta

A zaɓi wurin da mutane ke wucewa da ma, kamar zauren laburare, maimakon ɗakin da sai an nema. A sanar da jami'an tsaron makaranta, a tambayi baƙi ko suna so a saka sunan cibiyarsu a sanarwa, don wasu majami'u ba sa so a tallata inda za su taru. Abincin taro ya zama wanda kowa zai iya ci, 'ya'yan itace da kayan ganye sun fi sauƙi, tunda akwai mai neman halal akwai mai kiyaye dokar abincin Yahudawa akwai wanda ba ya cin nama. Masu labari su fara magana in suna so, ɗalibai su biyo, kai ka zo a ƙarshe ka taƙaita. In an saka wani abu a Instagram ko YouTube, a naɗa mutum biyu masu lura da martani na mako biyu, su goge zagi, su adana hoton duk wata barazana su kai ofishin da ya dace.

Mako na 15 na mayar da amana ne. Kowane rukuni ya kai wa mai labarinsa kwafin cikakkiyar hirar da kwafin aikin, da wasiƙar godiya da aka rubuta da hannu. Duk hoto ko takardar da aka aro, a mayar a cikin ambulan ɗin da ta zo. Abin da aka ce a goge, a goge a gabanka, har daga wayoyin ɗalibai. Wanda aka yarda a adana, a miƙa wa ma'aikacin rumbun laburare tare da takardar amincewarsa. Sannan ka ɗauki waya ka kira kowace cibiya da kanka, ka tambaye su abin da ya yi musu daɗi da abin da bai yi ba, ka rubuta a gefen manhajar zango mai zuwa tun kana tunawa.